Ruwan sha a wurin shaƙatawa na bakin kogi: tambayoyi da amsoshi ga mutanen Yamai

Duk sanda labari ya bazu cewa wani ya sayi fili a bakin kogin Isa, wato kogin Neja, wajen Bubon ko Karma ko ta hanyar Kollo, zai gina otel mai lambu da pisin, wato wurin iyo, tambayoyin da ke tashi kusan iri ɗaya ne. Mai dukiyar yana son sanin takardun da zai nema. Maƙwabta suna tsoron kada pamponsu ya ƙafe. Masu lambu da masunta kuma inda ƙazantar wurin za ta zuba ne damuwarsu. Na tattara tambayoyin nan na amsa su ga kowane ɓangare, kuma ra'ayina a fili yake tun daga farko: a gama maganar ruwa kafin a aza bulo na farko, domin in an bar ta sai gini ya tashi, talakan da ke gefe ne zai biya kuɗin gyaran.

Na sayi filin da kuɗina. Ruwan da ke ƙarƙashinsa ba nawa ba ne?

A'a, Alhaji. Filin naka ne, ruwan na ƙasa ne. Dokar ruwa ta Nijar, mai lamba 2010-09 ta ranar 1 ga Afrilu 2010, ta sanya kogi da tafkuna da ruwan ƙarƙashin ƙasa cikin dukiyar al'umma, ta kuma amince cewa kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin samun ruwa. Abin da mai fili ke iya samu shi ne izinin amfani. Dokar ta raba wannan amfani hawa-hawa gwargwadon yawan abin da za a ɗiba da illar da zai iya jawowa: wani aikin sanarwa kawai ake yi wa hukuma, wani sai an nemi izini, wani kuma sai an ƙulla yarjejeniya da gwamnati. Magidancin da ya gina rijiya don girki da wanka daban, ɗan kasuwar da zai cika pisin ya shayar da ciyawa ya sayar da kwana daban.

Akwai ƙa'idoji biyu cikin dokar da ya kamata mai otel ya sa cikin lissafinsa tun da wuri: mai ɗibar ruwa don riba yana biya, mai gurɓata shi ma yana biya.

Wai ruwa nawa ne irin wannan wurin ke sha? Ba baƙi ƴan kaɗan ba ne?

Mu yi lissafi na misali, kowa ya canza alƙaluman da na wurin da ya sani. A ce ɗakuna 60 ne, kowane da mutum biyu, baƙi 120 ke nan. A ce kowane baƙo, idan an haɗa wankansa da bayan gida da wankin zannuwan gado da tawul da girkin abincinsa, yana cin lita 300 a yini. Lita 36,000 ke nan.

Sai pisin. Mai tsawon mita 25 da faɗin mita 10, in rana da iska suka ɗauke santimita 1 daga samansa a yini, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Afrilu, lita 2,500 sun tafi ba wanda ya taɓa su. Ba a ma zo kan ruwan wanke matatarsa ba.

Babban mai shan ruwan dai ba baƙo ba ne, ciyawa ce. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rabin hekta na koriyar ciyawa, murabba'in mita 5,000, in ana ba shi milimita 8 a yini lokacin bazara, lita 40,000 yake sha. An haɗa duka an kusa lita 80,000 a yini. Bido mai lita 25 guda 3,200 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata a yini don sha da girki da ɗan tsafta, don haka ruwan wuri ɗaya ya kai mafi ƙarancin buƙatar mutum 4,000.

Ban kawo wannan lissafi don a hana gini ba. Wurin shaƙatawa yana kawo aiki ga matasa, yana sayen kifi da kayan lambu a hannun mutanen gari. Amma rabin ruwan nan ado ne ke cinye shi, kuma wanda ya shuka darbejiya da giginya da mangwaro a maimakon ciyawar da ba ta ƙasar nan ba, ya rage nauyin da rabi tun bai buɗe ƙofa ba.

Me zai hana a ja pampo kawai daga kamfanin ruwa a huta?

In bututu ya kai wurin, wannan ce hanyar da ta fi kwanciyar hankali ta fuskar lafiya, domin ruwan an riga an tace shi an sa masa magani. Amma a san wa ake tambaya. Tun gyaran da aka yi wa ɓangaren ruwan birane a shekarar 2000, kamfanin SPEN ne ke riƙe da kayan aikin a madadin gwamnati, wato tashoshin tacewa da manyan bututu da shato (tankin ruwa na sama), shi ne kuma mai zuba jari. Rarraba ruwan da ja wa mutane pampo da karɓar kuɗi yana hannun wani kamfani daban: SEEN ne daga 2001, sai NDE ya karɓa a farkon 2024.

Kusan duk ruwan pampon Yamai daga kogi yake fitowa, ta tashoshin Gudel da Yantala. Mutanen unguwannin da ke kan tudu da na bakin gari sun san yadda ake yi daga Maris zuwa Mayu: pampo ya yi shiru da rana, mata su tashi tsakar dare su jera bido, farashin ƴan ga-ruwa ya hau. In aka liƙa wa bututun da ke ciyar da irin wannan unguwa wani mai shan lita dubu goma-goma, wanda kuma ke da injin tsotso da babban tanki, ƙarfin ruwan zai ragu ga kowa sai shi. Don haka abin da ya kamata a nema a rubuce shi ne amsar kamfanin: bututun zai iya ɗaukar wannan nauyi a lokacin zafi? In ba zai iya ba, wa zai biya kuɗin faɗaɗa shi? Kuma a hana ɗaura injin tsotso kai tsaye a kan bututun gari. Ruwan ya shiga tanki da ƙarfinsa, daga nan injin ya tura shi sama.

To a haƙa foraj mana, wato rijiyar burtsatse, kowa ya kama gabansa.

Yawancin masu gini nan suke nufa, kuma nan rigima da maƙwabta ta fi tashi. Yamai tana zaune ne a kan iyakar ƙasa iri biyu. Ta ɓangaren Harobanda da yamma tsohon dutsen Liptako ne, ruwa ba ya zama cikinsa sai a tsaguwa da inda ya ruɓe. Foraj ɗaya ya ba da ruwa, na gefensa ya fito a bushe. Ta gabas kuma akwai shimfiɗar yashi da laka da ke riƙe ruwa, sai ruwan da ke kusa da sama a kwarin kogi, wanda rijiyoyin masu lambu ke sha. Wannan na saman shi ne mai sauƙin samu, shi ne kuma mai saurin ƙazanta, domin masai da bola da takin zamani duk cikinsa suke tsiyaya. An daɗe da sanin cewa rijiyoyi da yawa a cikin birnin suna da sinadarin nitrat fiye da ƙima.

Kafin a amince da foraj, abu uku nake ganin ba makawa. A sanar da ma'aikatar ruwa ta jiha a samu takardar da ta dace kafin injin haƙa ya shigo. A yi gwajin jan ruwa na dogon lokaci, ana ja ba tsayawa ana auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa, kuma ana auna rijiyoyin maƙwabta a lokaci guda. Wannan gwaji a ƙarshen rani yake da ma'ana. Wanda aka yi a watan Satumba, ƙasa cike da ruwan damina, ba zai faɗi abin da zai faru a Mayu ba. Na uku, a toshe wuyan foraj ɗin da siminti yadda ruwan sama mai datti ba zai bi jikin bututu ya sauka ba, a sa masa ma'aunin da ke ƙidaya abin da aka ɗiba, a nisanta shi da ramin masai. Ma'aikatan ruwa suna ɗaukar mita 30 a matsayin mafi ƙaranci, kuma a ƙasa mai tsagaggen dutse ko mita 30 ba ta ba da tabbaci.

Ga kogi a bakin ƙofa. Ba sai a sa injin a ɗebo ba?

Don ban-ruwan lambu, da izini, yana yiwuwa. Don sha kuwa, wanda ya zaɓi kogi ya ɗauki nauyin gudanar da ƙaramar tashar tacewa, kullum, har ranar sallah.

Kogin ba hali ɗaya gare shi ba. A Agusta da Satumba jan ruwa ke zuwa, na daminar nan kusa, wanda ƙananan kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararowa da shi cike da laka. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan da ya taso daga ƙasar Gine ke isowa, ya fi haske. A Mayu da Yuni kogin ya janye, tsibiran yashi su fito. Manya suna tuna 1985, lokacin da ya daina gudu gaba ɗaya a Yamai, abin da ya sa aka gina shingen Gudel don tare wa birnin ruwa. Dam ɗin Kandaji da ake fatan zai daidaita gudun ruwan rani har yanzu aikinsa bai kammala ba. Matatar da aka auna da ruwan Janairu za ta toshe a Agusta, bakin bututun da aka kafa da ruwan Janairu kuma zai iya zama a kan yashi a Yuni.

Tacewar kanta matakai ne da ba a tsallake ɗaya: a sa alif laka ta dunƙule, a bar ta ta kwanta, a bi da ruwan ta cikin yashi, sannan a sa kulorin. Kulorin a cikin ruwa mai laka ɓarnar magani ce, ƙwayoyin cuta suna fakewa cikin dattin. Ga kuma haƙar zinariya ta gargajiya a yankin Sirba, wadda ta isa dalilin a riƙa gwada ruwan kogin don ƙarafa masu guba.

Ruwan kogin da ba a tace ba kada ya shiga pisin ko wurin wanka. Tsargiya tana nan a kwarin kogi, ta fata take shiga.

Kogin kuma ba na Nijar kaɗai ba ne. Ƙasashe tara ke cikin Hukumar Kogin Neja, ABN, wadda hedikwatarta ke nan Yamai, kuma yarjejeniyar ruwan da suka sa wa hannu a 2008 ta tanadi cewa in amfani ya yi karo da amfani, buƙatun rayuwar mutane ake fara dubawa.

Wane ruwa ne za a kira ruwan sha? In yana da haske ba wari ai shi ke nan?

Ido da hanci ba sa ganin abin da ya fi illa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ma'aikatanmu ke dogara da shi, ya ce kada a samu ko ƙwaya ɗaya ta E. coli, alamar kashi a cikin ruwa, a mililita 100. Nitrat kada ya wuce miligiram 50 a lita, domin jarirai ne yake kamawa, yana hana jininsu ɗaukar iska. Arsenik kada ya wuce miligiram 0.01. Fulor kada ya wuce miligiram 1.5. Kulorin kuma a bar shi ya yi aƙalla minti 30 cikin ruwan, sauransa da ke isa bakin pampo ya kasance tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita.

Maganar fulor ba daga littafi muka san ta ba. A Tibiri ta jihar Maradi, foraj ɗin da aka haƙa a shekarun 1980 ya shayar da garin shekaru da ruwa mai fulor ninkin abin da aka yarda, ruwa garau mai daɗin sha. Ɗaruruwan yara suka taso da haƙora masu tsatsa da ƙasusuwa a lanƙwashe, wasunsu har yau suna ɗauke da naƙasar. Gwaji guda na sinadarai kafin a buɗe pampon da ya nuna matsalar. Duk wanda ya ce mini gwajin ruwa ɓata kuɗi ne, Tibiri nake tuna masa.

Wa zai yi gwajin, kuma sau nawa?

Ɗakin gwajin ƙasa na LANSPEX yana nan Yamai, ma'aikatar ruwa ma tana da nata masu awo. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ya ɗebi ruwan gwajin kada ya zama wanda ya haƙa foraj ɗin ko wanda ya sayar da matatar, kuma a ɗebo daga pampon ɗaki mafi nisa da na kicin, ba daga bakin foraj kaɗai ba.

Shawarata ga mai wuri: cikakken gwajin sinadarai kafin buɗewa, sannan sau biyu a shekara, ƙarshen rani da tsakiyar damina. Gwajin ƙwayoyin cuta kowane wata, da kuma bayan duk wata ambaliya ko gyaran bututu. Awon kulorin kuwa kullum, ɗan ƙaramin kayan awo ne, ma'aikaci ɗaya zai koya cikin yini guda. A rubuta sakamakon a littafi mai kwanan wata, a ajiye inda mai bincike zai gani.

Hukumomin sun yi yawa. Wa ke da alhakin me?

Ma'aikatar da ke kula da ruwa, ta hannun ofishinta na jiha, ita ke da maganar ɗibar ruwa da foraj. Ofishin BNEE shi ke duba binciken illar aikin ga muhalli da jama'a. Ma'aikatar lafiya, ta hannun ma'aikatan tsafta, ita ke da ikon shiga kicin da bayan gida da duba tanki, ta kuma ɗauki mataki in ta ga haɗari. Ofishin magajin gari ke da izinin gini, kuma a karkara kwamin, wato ƙaramar hukuma, ce ke da alhakin ruwan shan jama'arta. Ma'aikatar yawon buɗe ido ke ba da izinin buɗe otel da darajarsa. Hukumar ARSEau, da aka kafa a 2019, an yi ta ne don sa ido kan masu hidimar ruwa da kare masu amfani da shi. Maganar fili da hanyoyin dabbobi kuma tana hannun kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo.

Inda nake ganin rauni shi ne tsakanin ofis da ofis. Kowa yana duba takardarsa, mai izinin gini ba lallai ya tambayi sakamakon gwajin foraj ba, mai ba da taurarin otel ba lallai ya hau shato ba. Jama'ar wurin su ne kaɗai ke ganin abin gaba ɗaya, shi ya sa muryarsu ke da nauyi.

Binciken muhallin nan ba takarda ba ce kawai da ake saya?

Yana zama haka in mutane suka yi shiru. Dokar muhalli ta 1998, mai lamba 98-56, da dokar 2018-28 da ta biyo baya, sun wajabta a tantance illar manyan ayyuka kafin a fara su. Ana rarraba ayyukan aji-aji, mai babbar illa a yi masa bincike mai zurfi, mai ƙarama a yi masa taƙaitacce. Mai aikin ke biyan masu binciken, BNEE ya duba rahoton, minista ya ba da takardar amincewa tare da sharuɗɗan da za a bi. Jin ta bakin jama'ar da abin ya shafa yana cikin aikin, ba alfarma ba ce.

Ranar da aka kira taro a ƙofar mai gari, a je. Mata su je, domin su ke ɗibar ruwa, su suka san rijiyar da ke janyewa da watan da take janyewa. A nemi a yi bayani da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, kada a karanta Faransanci a tashi. A tambayi lita nawa za a ɗiba a yini a watan Afrilu, kuma daga ina. A tambayi ko an auna zurfin rijiyoyin gari kafin a fara, domin in ba a auna ba, gobe ba wanda zai iya nuna cewa sun ja baya. A tambayi inda ruwan masai da na wanki za su je. Duk alkawarin da aka yi, na pampon jama'a ko na wurin shayar da dabbobi, a ga an rubuta shi cikin takardar taron, a karɓi kwafi a ajiye wurin mai gari da liman. Kuma kada a sa hannu a takardar halarta kafin a ji abin da za a faɗa.

In ruwa mai kyau ya shigo, ai magana ta ƙare?

Sau da yawa a cikin gida yake lalacewa. Shato marar murfi, ƙadangare da tsuntsu da ƙurar hunturu duk suna faɗawa. Tankin ƙarƙashin ƙasa in ya tsage, ruwan damina ya shiga. Ruwan da ya daɗe a ajiye cikin zafi kulorinsa yana gudu. A wanke tankuna aƙalla sau biyu a shekara, a rufe su da makulli.

Wanda ke da ruwa iri biyu, na sha da na ban-ruwa, ya bambanta launin bututunsu, kada su haɗu ko ta wuri ɗaya. Mai gyaran pampo ɗaya da ya haɗa su don ya ƙara ƙarfin ruwa ya isa ya tura ruwan kogi cikin kicin.

Akwai kuma cutar da otel-otel suka fi fama da ita a duniya, wadda ƙwayar Legionella ke kawowa. Tana hayayyafa cikin ruwa mai ɗumi da ke tsaye, tsakanin digiri 25 zuwa 45, ta shiga huhu ta feshin shawa, ta kawo ciwon haƙarƙari mai tsanani. A ƙasarmu bututun da ake kira na ruwan sanyi ma, in yana kan rufi cikin rana, yana cikin wannan zafin. Maganinta a ajiye ruwan zafi a digiri 60, a binne ko a lulluɓe bututun sanyi, a riƙa buɗe pampon ɗakunan da ba kowa kowane mako ruwan ya gudu.

Baƙi ai ruwan kwalba suke sha.

Da ruwan pampo ake wanke salak da tumatir, da shi ake ƙanƙara, da shi baƙo ke wanke baki. Masu gadi da masu shara da masu girki kuma ruwan pampon suke sha, kuma su ma lafiyarsu tana wuyan mai wurin.

Ƙazamin ruwan wurin fa, ina zai je?

Wannan ce tambayar da na fi so a matsa a kanta. Mafi yawan ruwan da ya shiga ɗakuna da kicin zai fito da datti. Bubon da Karma suna sama da Gudel, don haka abin da aka zuba a kogi a can yana gangarowa ne zuwa inda birni duka ke ɗibar ruwan sha. Ta ƙasa kuma, Saga da Ndunga da Kollo, gonakin shinkafa ne da masu wanki da yara masu iyo. Mun ga abin da kwarin Guntu Yena ke kwasowa daga tsakiyar gari zuwa kogi, ba ma buƙatar ƙari. Kwalarar 2021, da ta taɓa jihohi da dama har da Tawa da Maradi da Damagaram, ta isa tunatarwa kan abin da ke faruwa in kashi ya haɗu da ruwan sha.

Ramin masai irin na gida bai isa wuri mai baƙi ɗari ba, balle a bakin kogi inda ruwan ƙasa ke kusa. Ana buƙatar matarin maiƙo a kicin, da ƙaramar tashar tace ƙazamin ruwa da ke da mai kula da ita, da yarjejeniya da masu motar kwasar masai cewa a wurin da hukuma ta ware za su zubar, ba a bayan gari ba. Ruwan da aka tace da kyau shi ya dace da itatuwa da furanni, ya rage abin da ake ɗiba.

Ambaliya tana da ruwa da tsaki a wannan magana?

Sosai. A Satumba 2020 kogin ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali jan gargaɗi daga 620 yake farawa. Ruwa ya ci Lamorde da wasu unguwannin bakin kogi, dubban mutane suka bar gidajensu. Duk mai gini a bakin kogi ya ɗauki alamar wannan shekara ya ɗaga bakin foraj da murfin tanki da tashar ƙazamin ruwa sama da ita. Foraj ɗin da ambaliya ta rufe ba a sha daga gare shi sai an wanke shi da jabel, wato ruwan kulorin, an sake gwaji.

In wuta ta ɗauke?

Injin ruwa da na sa magani su tsaya tare. Ana buƙatar ajiyar ruwan yini ɗaya zuwa biyu, da injin wuta ko faifan rana da aka keɓe wa ruwa. Ajiyar kashe gobara daban take, ba a taɓa ta.

Mu makiyaya da masunta, katangar za ta raba mu da kogi?

Bai kamata ba. Gaɓar kogi tana cikin dukiyar al'umma, kuma dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare burtali da hanyar dabbobi zuwa mashaya. In zanen filin ya hau kan burtali ko ya toshe mashigin jirage, a kai maganar gaban Kofo tun katanga ba ta tashi ba. Rugga da ardo su nemi a sa su cikin taron jin ra'ayi, domin sau da yawa ana kiran taron ne lokacin da suke can wajen kiwo.

Da a Tawa ne za a yi ginin, amsoshin za su canza?

Dokokin ɗaya ne, ƙasar ce daban. Tawa ba ta da kogi mai gudu duk shekara. A yawancin Adar ruwa mai yawa yana can ƙasa sosai, sai an haƙa ɗaruruwan mita, kuɗin haƙa da na jan sa masu nauyi ne, kuma irin wannan ruwa mai zurfi tsohon ajiya ne da damina ba ta mayar da shi da sauri. Yakan fito da ɗumi, wani lokaci da ƙarfe mai jan launi, kuma gwajin fulor a kansa wajibi ne. Ruwan fadama da na ƙoramu kuwa shi ne ran masu albasa. Tafkin Tabalak yana cikin wuraren dausayi da yarjejeniyar Ramsar ta duniya kan kare dausayi ta amince da su, masunta da masu lambu da dabbobi duk a kansa suke. A irin wannan ƙasa ni ban ga hujjar shimfiɗa koriyar ciyawa ba ko kaɗan.

An riga an buɗe wurin, rijiyarmu ta ja baya, ko mun ga ana zubar da datti a kogi. Ina za mu kai kuka?

A fara da shaida. A sa igiya mai alama a auna zurfin ruwan rijiyar kowane mako, da safe kafin a fara ɗiba, a rubuta kwanan wata. A ɗauki hoton bututun da ke zubar da dattin da lokacin da yake zubarwa, domin galibi da dare ake saki. In yara suna zawo a gidaje da yawa lokaci guda, a kai su likita nan take a kuma gaya wa babban ma'aikacin wurin cewa ana zargin ruwa, shi ke da hanyar sanar da na sama.

Sannan mai gari ko mai unguwa ya jagoranci mutane zuwa wurin mai otel ɗin, a yi magana ido da ido, domin wani lokaci shi kansa bai san abin da ma'aikatansa ke yi ba. In ba a daidaita ba, a rubuta takarda zuwa ga ofishin magajin gari, a ba ofishin ruwa na jiha da na muhalli da na lafiya kwafi, a tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafin da ya rage a hannu. A nemi BNEE ya zo ya gwada abin da ake yi da sharuɗɗan da aka sa wa hannu. In matsalar ta pampon gari ce, ƙarfinsa ya ragu tun da aka ja wa wurin, NDE ake fara kai wa, in ba a ji amsa ba a wuce ARSEau. Kotu tana nan daga ƙarshe, kuma littafin awon rijiyar da takardu masu hatimi su ne abin da alƙali zai nema.